Kar Ka Raina Ƙarar Sarƙa: Yadda Ake Saita Giyar Gaban Keke

Ranar da ƙanenmu zai rubuta takardar Lissafi a jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe na sakandare, da sassafe ya fito daga gida a Kurfi. Ya karya kumallo, ya sa farin wandonsa da ya sha guga, ya haye keke. Bai yi nisa ba ya iso wani ɗan tudu, ya danna giya don ya rage wa ƙafarsa nauyi. Sai ji ya yi feda ta tafi fayau, sannan ta cije. Sarƙa ce ta zame daga kan faranti ta faɗa ciki, ta maƙale tsakanin faranti da ƙarfen jikin keken. Ya ja da hannu, ya zungura da kara, ya buga da dutse. Kafin ya ciro ta, an yi kusan rabin awa da raba takarda. Haka ya shiga aji, hannu baƙi ƙirin, ƙafar wando a yage. Tambayoyi biyu na ƙarshe ko karanta su bai samu ya yi ba.

Da yamma ya kira mu a waya. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, keken nan naku ya ci amanata yau."

Muka yi shiru, domin mun san keke bai ci amanar kowa ba. Mu biyu ne daga gidanmu muke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, mu muka haɗa kuɗi muka sayi keken, muka hau shi na tsawon zango guda kafin mu bar wa ƙanenmu. Tun yana hannunmu yake wata ƙara, kacar-kacar, duk lokacin da aka taka feda. Muka ce ai keken gwanjo ne, dole ya yi surutu. Ashe faɗa mana yake yi akwai matsala, mu ne muka toshe kunne. Sa'ar da muka yi, jarrabawar gwaji ce. Da ta WAEC ce ko NECO, da labarin ya sha bamban.

Abin da ya sa muka rubuto wannan ke nan. A makarantunmu akwai ɗalibai da yawa da kekunansu ke wannan ƙarar yanzu haka, alhali gyaran bai fi na minti 30 ba, kuma ba ya buƙatar sayen komai.

Keke mai giya ya shigo gari

Iyayenmu da kakanninmu kekunan Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin suka sani. Faranti ɗaya a gaba, zobe ɗaya a baya, sarƙa a miƙe sambal, wani lokaci har da murfi. Irin wannan keke ba ya da saitin giya, balle ya lalace.

Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, abubuwa suka canja. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Kuɗin acaba da na mota suka bi ta. Iyaye da dama suka ga gara su saya wa yaro keke sau ɗaya da su riƙa ba shi kuɗin mota kullum. Mu ma da muke jami'a haka muka yi, tunda mazaunin jami'ar na dindindin yana wajen gari.

Da yawa daga kekunan da ake samu yanzu na gwanjo ne masu giya, waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Suna da sauƙin tuƙi, suna hawa tudu ba tare da an sauka an tura ba, abin da duk wanda ya san Dutsin-Ma da duwatsunta zai yaba. Sai dai sun zo da wata 'yar na'ura da yawancinmu ba mu taso da ita ba.

Mece ce giyar gaba?

Duba wajen fedar kekenka. Za ka ga farantai masu haƙora guda biyu ko uku: babba a waje, matsakaici a tsakiya, ƙarami a ciki kusa da jikin keke. A tayar baya kuma akwai tarin zobba masu haƙora, shida ko bakwai, waɗanda masu gyara ke kira firiwil. Sarƙa, wadda su ke kira cen, ita ke haɗa gaba da baya.

A saman farantan nan akwai wani ɗan keji na ƙarfe da sarƙa ke ratsawa ta cikinsa. An ɗaure shi a jikin bututun da sirdi ke zaune a kai. Wannan ita ce giyar gaba. Kejin yana da leɓe biyu: leɓen ciki, wanda ke kusa da jikin keke, da leɓen waje. In ka danna libar giya ta hannun hagu, waya tana jan kejin waje, leɓen ciki ya turo sarƙa ta hau faranti mafi girma. In ka saki, sifirin ya mayar da kejin ciki, leɓen waje ya turo sarƙa ta sauko. Da zarar sarƙa ta zauna a kan faranti, aikin keji ya ƙare. Bai kamata ya ci gaba da taɓa ta ba. Ƙarar da kake ji, sarƙa ce ke gogar ɗaya daga cikin leɓɓan nan.

Dabarar ta daɗe. A shahararriyar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, sai a 1937 aka yarda duk 'yan tsere su yi amfani da irin wannan giya. Kafin nan, in ɗan tsere ya iso gindin dutse, sauka yake yi ya kwance tayar baya, ya juya ta ɗaya gefen mai zobe babba, ya ɗaure, sannan ya ci gaba. Sunan da za ka fi gani a jikin giyar kekenka kuwa, Shimano, kamfani ne da aka kafa a birnin Sakai na Japan a 1921. A 1984 ya fito da tsarin giya mai lamba, wanda kowane dannawa ɗaya ke kai sarƙa wuri ɗaya. Wannan tsari yana da daɗin aiki, amma yana son saiti daidai, domin in waya ta ɗan saki ko ta yi tauri, keji zai tsaya inda bai kamata ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki in sarƙa ta ɗan goga? Mu yi lissafi. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma kilomita 20 ne da 'yan kai. A matsakaiciyar giya, kowane zagayen feda yana kai ka kimanin mita 4.4, ke nan a kilomita 20 za ka juya feda sama da sau 4,500. Kowane zagaye kuma yana wuce da gaɓoɓin sarƙa 38 ta cikin keji. Gaɓa sama da 170,000 ke nan suna kartar ƙarfe a tafiya ɗaya. A hankali leɓen keji ya cinye, sarƙa ta gaji, kai ma ƙarfinka ya tafi a banza. Abin da ya fi muni, kejin da ba ya kan saiti shi ke jefar da sarƙa. A yankinmu kuma, inda iyaye ba sa son magariba ta riski yaro a hanya, keken da zai tsaya maka tsakanin gari da gari ba abin wasa ba ne.

Zamanmu da Baba mai gyara

A ƙarshen makon nan muka je Kurfi muka ɗauko keken. Mai gyaran farko da muka kai wa ya ce mafita ɗaya ce: a cire giyar gaban gaba ɗaya, a bar sarƙa a farantin tsakiya, kowa ya huta. Ba mu ga laifinsa ba, domin mutane da yawa haka suke yi, kuma a cikin gari keke yana tafiya. Amma in an cire ta, ka yi asarar giyar hawa tudu da ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Sannan kejin nan yana taimakawa wajen tare sarƙa in keke ya faɗa rami. Muka ce masa bari mu yi shawara.

A Dutsin-Ma muka samu wani dattijo da ke gyara a gindin bishiya. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, so muke ka koya mana, ba gyara mana kawai ba." Ya dube mu ya yi dariya, ya ce, "To samari, ku ajiye filayar nan tukuna. Ku fara saurare." Ya ɗaga tayar baya, ya sa ɗayanmu ya juya feda da hannu, ɗayan kuma ya tsuguna ya zuba ido a kan keji. Abin da muka koya a wannan zama, muka kuma gwada a kan kekunan abokanmu bayan nan, shi ne za mu zayyano muku.

Fara da kunne da ido

Kafin ka taɓa kowane noti, ka nemi amsar tambayoyi uku.

Na ɗaya, wane leɓe sarƙa ke goga, na ciki ko na waje? Tsaya a saman keken ka leƙa ƙasa, za ka gani. Sau da yawa wurin da ake gogar ya yi ƙyalli.

Na biyu, a wace giya take gogar? Ka lura da farantin da sarƙa ke kai a gaba da zoben da take kai a baya.

Na uku, ƙarar ba ta yankewa ne, ko tana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda? In ba ta yankewa, matsalar saiti ce. In kuwa tana zuwa tana ɗaukewa daidai da zagayen feda, to ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a gaba.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba, alanki mai lamba 5 ko sifana mai lamba 9, gwargwadon irin notin kekenka, sai filaya, tsumma, da katin roba irin na ATM guda uku. Kaurin kati ɗaya bai kai milimita 1 ba, shi zai zama ma'auninmu. Ka rataye keken ta sirdi da igiya a reshen darbejiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ko wani ya riƙe maka. Ka kula da yatsunka, kar ka sa su kusa da haƙora alhali feda na juyawa. Ka goge keji da sarƙa tas kafin ka fara, domin wani lokaci laka ce kawai ta hana keji komawa wurinsa.

Doka ɗaya ce babba: a bi matakan nan a jere. Wanda ya tsallake na farko ya fara murza sukurori, garin neman gira zai rasa ido.

Mataki na 1: tsayin keji

Mayar da sarƙa kan ƙaramin faranti. Kwance notin da ya danne wayar giya a jikin keji, waya ta saki. Yanzu tura kejin waje da yatsa har leɓen waje ya zo daidai saman haƙoran babban faranti. Tazarar da ke tsakaninsu ta kasance milimita 1 zuwa 3, wato kati biyu ko uku in ka haɗa su. In keji ya yi sama da yawa, giya za ta yi nawa, sarƙa kuma za ta riƙa faɗuwa. In ya yi ƙasa da yawa, zai bugi haƙora. Don gyarawa, sassauta notin da ya ɗaure giyar a jikin bututu, ka ɗaga ta ko ka sauke ta.

Mataki na 2: miƙewar keji

Kafin ka ɗaure wannan notin, leƙa daga sama. Leɓen waje ya kamata ya yi layi ɗaya da babban faranti, kamar layuka biyu na littafin rubutu da ba sa haɗuwa. In wutsiyar keji ta karkata ciki ko waje, juya shi a hankali har ya miƙe, sannan ka ɗaure. Ka sake dubawa bayan ɗaurewa, domin yakan motsa. A nan matsalar kekenmu take: ya taɓa faɗuwa a jingine, keji ya juya, mu ba mu lura ba.

Mataki na 3: sukurun L

A saman giyar akwai ƙananan sukurori biyu, ɗaya da harafin L a gefensa, ɗaya da H. Mutane da yawa suna ganin su a ɗage sai su ɗauka kwancewa suka yi, su ɗaure su tamau. Kuskure ne babba. Ba ɗaure komai suke yi ba, iyaka ce suke sa wa keji. L yana hana shi wuce gona da iri ta ciki, H kuma ta waje. In haruffan sun goge, murza ɗaya ka ga ko keji ya motsa alhali yana ciki. Wanda ya motsa shi, shi ne L.

Sa sarƙa a ƙaramin faranti a gaba, da zobe mafi girma a baya. A nan sarƙa ta fi kusa da jikin keke. Duba tsakanin sarƙa da leɓen ciki. Abin da ake so, tazarar kati ɗaya ko ƙasa da haka, ba tare da sun taɓa juna ba. In sarƙa na gogar leɓen, kwance L kaɗan, keji zai matsa ciki. In tazarar ta yi yawa, ɗaure L, keji zai matso waje. Tazara mai yawa a nan ita ce ƙofar da sarƙar ƙanenmu ta bi ta faɗa ciki.

Kar ka murza fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda. Murza, juya feda, duba, sannan ka ƙara. Sauri ya haifi nawa.

Mataki na 4: waya

Mayar da libar hagu kan lamba 1. A inda waya ke fitowa daga liba, yawancin kekuna suna da wani ɗan noti mai tsaga-tsaga da ake murzawa da yatsa. Murza shi ya shige ciki gaba ɗaya, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya ko biyu, don ka samu wurin ƙari da ragi daga baya. Yanzu ja wayar da filaya ta miƙe, ba tare da ka ja keji daga wurinsa ba, ka ɗaure notinta. In wayar ta yi tsatsa ko silinta sun fara tsinkewa, canja ta, domin babu saitin da zai zauna a kan ruɓaɓɓiyar waya.

Mataki na 5: sukurun H

Juya feda, ka kai sarƙa babban faranti a gaba, da zobe mafi ƙanƙanta a baya. A nan ta fi nisa da jikin keke. Yanzu leɓen waje za ka duba, tazarar kuma ita ce dai ta kati ɗaya. In tazarar ta yi yawa, sarƙa za ta iya tsallakewa ta faɗo kan ƙafar feda, sai ka ɗaure H. In tana gogar leɓen waje, ga dabarar da Baba ya nuna mana: kama wayar giya a inda take a fili a jikin keke, ka ja ta da hannu. In keji ya ƙara matsawa waje, ƙarar ta ɗauke, to waya ce ta saki, sai ka warware ɗan notin yatsa ya fito waje kaɗan. In keji ya ƙi motsi, H ne ya tare shi, sai ka kwance H rubu'in zagaye. Ka tabbata kuma ƙafar feda ba ta bugun keji in ta zo wucewa.

Mataki na 6: farantin tsakiya

In farantanka uku ne, saura na tsakiya, wanda shi ne ka fi amfani da shi. A nan sukurori ba su da aiki, waya ce ke riƙe da keji. Sa sarƙa a farantin tsakiya da babban zoben baya. In tana gogar leɓen ciki, waya ta yi tauri, sai ka murza notin yatsa ya shiga ciki. Sannan ka kai sarƙa ƙaramin zoben baya. In tana gogar leɓen waje, waya ta yi sako-sako, sai ka warware notin kaɗan. Ka yi ta yi har ka samu tsakiya. In kekenka ba shi da wannan notin, sai ka kwance notin waya ka ƙara ja ko ka sassauta kaɗan. Wasu kekunan kuma masu giyar murzawa a sitiyari suna da ƙananan matakai da yawa a hannun hagu, don mahayi ya riƙa ɗan gusar da keji yana cikin tafiya.

Daga nan ka bi giyoyin duka, sama da ƙasa, sannan ka hau ka gwada, domin nauyin mutum yakan fito da ƙarar da ba a ji a rataye.

Lissafin da ke cikin giya

Akwai ƙarar da ba laifin keji ba ce, laifin mahayi ne. In ka sa sarƙa a babban faranti da babban zoben baya, ko ƙaramin faranti da ƙaramin zobe, sarƙa tana tafiya a karkace. Ko wane gwani ne ya saita maka, da wuya ta ƙi goga.

Ga inda darasin kasafi na aji yake da amfani. Keke mai giya 21 yakan zo da farantai masu haƙora 48, 38 da 28, zobban baya kuma 14, 16, 18, 20, 22, 24 da 28. Raba haƙoran gaba da na baya, ka samu yawan juyawar taya a kowane zagayen feda. Tayar inci 26 tana cin kimanin mita 2 a juyi ɗaya. Ke nan 48 a raba da 14 ya ba da 3.4, kusan mita 7 a taku ɗaya, giyar gudu ke nan. Shi kuwa 28 a raba da 28 ya ba da 1, mita 2 kacal, giyar hawa dutse.

To duba wannan. Babba da babba, 48 a raba da 28, ya ba da 1.71. Amma farantin tsakiya da zobe mai haƙora 22, wato 38 a raba da 22, ya ba da 1.73. Kusan abu ɗaya ne, ga shi sarƙa a miƙe. Ƙarami da ƙarami, 28 a raba da 14, ya ba da 2. Farantin tsakiya da zobe mai 18 ko 20 yana ba da 2.1 ko 1.9. Ashe babu abin da ka rasa in ka guji karkatar da sarƙa. Ka ƙirga haƙoran naka keken ka yi lissafin da kanka, za ka ga giyoyi 21 ɗin nan da yawansu maimaici ne.

Sai yadda ake danna giyar. Ka canja tun kafin ka fara hawa tudu, ba sai ƙafa ta cije ba. Lokacin canjawa, ka ci gaba da juya feda amma ka rage ƙarfin taku. Kar ka canja giya keke na tsaye, ko kana juya feda baya. Ƙanenmu ya danna tasa ne a tsakiyar tudu, yana tsaye a kan feda da dukan ƙarfinsa, ga keji a karkace.

In ƙarar ta ƙi tafiya

Mu koma kan ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagaye. Abu biyu ke kawo ta. Ko dai faranti ya lanƙwashe, wanda za ka gane in ka juya feda kana kallo daga sama, ka ga yana rangaji. Ko kuma gindin feda ya yi lako-lako. Kama ƙafar feda ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana motsi, to boris ɗin ciki ne ya saki ko ya cinye. Waɗannan biyun aikin mai gyara ne, yana da kayan da kai ba ka da su. Haka ma in kejin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage.

Ka kuma auna sarƙar. Rular makaranta ta isa, a gefen da ke da inci. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da ta kusa da ita rabin inci ne. Ɗora sifiri a tsakiyar ƙusa ɗaya. A sabuwar sarƙa, wata ƙusar za ta faɗa daidai kan inci 12. In ta zarce da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta zarce da milimita 3, akwai yiwuwar ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sai an canja su tare.

Ƙura da baƙin mai

Kowa ya san yadda hunturu ke lulluɓe mu da ƙura, damina kuma da laka. Al'adarmu ita ce a je wurin mai gyaran babur a roƙi baƙin man da aka juye daga inji, a kwarara wa sarƙa har yana ɗiga. Wannan man cike yake da datti, in kuma ya haɗu da yashi sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙora. Abin da ya fi, ka wanke sarƙa da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, sannan ka goge na wajen da tsumma. Man da ke aiki shi ne wanda ya shige ciki, na waje ƙura kawai yake tarawa. Ka ɗiga ɗigo ɗaya kuma a mahaɗan giyar gaba inda take motsi. In za ka jingine keke, bar gefen sarƙa ya kalli waje, kar ya daki bango.

Gwaji a kan hanya

Washegari da hantsi ɗayanmu ya hau keken daga Dutsin-Ma ya nufi Kurfi, ɗayan ya bi a mota. Tun daga fita gari har shiga Kurfi, ban da kukan taya a kan kwalta babu abin da aka ji. Da muka isa gida ba mu miƙa wa ƙanenmu keken haka kawai ba. Muka kwance waya, muka juya keji, muka ɓata saitin da gangan, muka ba shi sukudireba da kati uku. Ya yi gumi, ya yi tsaki, sau biyu yana ɗaure H a maimakon L. Bayan kusan awa guda ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ku saurara." Muka saurara, shiru.

Yanzu a makarantarsu abokai na kawo masa nasu kekunan lokacin tara, har ya fara tunanin sayen alanki nasa na kansa. Jarrabawar ƙarshe na tafe, ya ce tun mako guda kafin ranar zai bi keken mataki-mataki.

Kai ma mai karatu, ko ke mai karatu, yau in an tashi daga makaranta, ka ɗan yi shiru a kan hanya ka saurari kekenka. In ka ji kacar-kacar, kar ka jira sai ranar jarrabawa. Nemi igiya da reshen bishiya ranar Asabar, ka fara daga mataki na 1. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai mu gida lafiya.